Samsung Sabuwa, Samsung Tokumbo, Ko Tecno Da Infinix: Wacce Ta Dace Da Kuɗinka?

Duk wanda ya tara kuɗin waya a 'yan shekarun nan ya san abin ba wasa ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta kai wajen 1,500 kafin shekara ta zagayo, su kuwa wayoyi da dala ake shigo da su. Wayar da a da mutum zai riƙe shekara ɗaya ya canja, yanzu sai ya yi mata lissafin shekara uku ko huɗu. Shi ya sa in ka shiga Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, za ka ga mutum da kuɗinsa a aljihu yana ta zagaya shaguna ya kasa tsayar da shawara. Ya ɗauki Samsung sabuwa dal daga jerin A? Ko ya ɗauki babbar Samsung tokumbo daga jerin S a kusan kuɗi ɗaya? Ko dai ya haƙura da sunan Samsung ya ɗauki Tecno ko Infinix, wadda kwalinta ke cike da manyan lambobi?

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Abu biyu Samsung ke sayar maka fiye da sauran, shekaru da allo. In kana da niyyar riƙe waya ta daɗe a hannunka, kuma kana iya kula da ita, ƙarin kuɗin da za ka biya zai dawo maka. In kuwa kai mai yawan canjin waya ne, ko waya na yawan suɓuce maka ta faɗi ƙasa, lissafin ya sha bamban.

Abin da ke bayan sunan

Samsung ya samo asali a 1938, lokacin da Lee Byung-chul ya buɗe ƙaramin kamfanin fatauci a birnin Daegu na Koriya yana cinikin busasshen kifi da kayan lambu da taliya. Reshen kayan lantarki a 1969 aka kafa shi, hedikwatarsa na Suwon, kudu da Seoul. Abin da ya shafi mai sayen waya a wannan tarihi shi ne, Samsung na cikin 'yan tsirarun kamfanonin da ke ƙera kayan cikin waya da kansu. Shi da SK Hynix na Koriya da Micron na Amurka su ke riƙe da kusan dukkan kasuwar ram ta duniya, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe manhajojin da take aiki da su. Allon OLED ɗinsa har Apple na saye tun daga iPhone X a 2017. Yana da nasa cip, wato ƙwaƙwalwar waya, mai suna Exynos, yana kuma ƙera idon kyamara na ISOCELL da wasu kamfanonin waya ke sakawa a nasu wayoyin. Wannan ne dalilin da ya sa yake iya saka allo mai kyau a waya mai matsakaicin farashi.

Haɗa wayoyin kuwa yawanci a Vietnam da Indiya ake yi, don haka in ka ga sunan Vietnam a bayan kwali kada wani ya ce maka jabu ce. Girman kamfani kuma bai hana shi tuntuɓe ba. A 2016 ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya saboda batirinta na kama wuta. Ke nan kowace waya da nata halin, ba suna kaɗai ake saye ba.

Ma'aunan da ya kamata ka riƙe

Na farko farashi, amma farashin gaskiya. Tun daga Galaxy S21 a 2021 Samsung ya fara cire kan caja daga kwali, daga baya abin ya sauko har jerin A. Ka ƙara kuɗin caja ta asali, da gilashin kariya, da kwanso, kafin ka ce ga abin da wayar ta ci.

Na biyu shekarun afdet, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya, don shi ne ma'aunin da mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Afdet iri biyu ne. Akwai na Android, wanda ke kawo sabon fasali, akwai kuma na tsaro, wanda ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke gano su. A da wannan bai dami kowa ba, don waya ta kira ce da WhatsApp. Yau kuwa asusun bankinka na cikinta, OPay ko Moniepoint ko PalmPay na ciki, lambobin sirrin da banki ke turo maka ta nan suke shigowa. Ɗan kasuwa da dama jarinsa gaba ɗaya ta waya yake juya shi. Wayar da kamfani ya daina aika mata afdet na tsaro ba za ta mutu ran nan ba, za ta ci gaba da aiki, amma duk ƙofar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna. Sannan a hankali wasu manhajoji za su fara cewa sai sabon Android. Don haka in ka raba kuɗin waya da yawan shekarun da kamfani ya yi alkawarin kula da ita, za ka ga wata mai tsadar ta fi mai araha sauƙi.

Na uku batir da zafi. Batirin waya ba ya son zafi, mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40. Wayar da ke ɗaukar zafi a ƙasar sanyi, a nan abin nata ya ninka. Ga kuma rashin wuta, da cajin janareto, da kai waya wurin masu caji.

Na huɗu allo da kuɗin gyaransa. Allon AMOLED ya fi LCD haske da kyan launi, ana kuma ganinsa a rana, amma in ya fashe canjinsa na da tsada ƙwarai.

Na biyar ƙura da ruwa. In ka ga IP54 a bayanin waya, tana jure yayyafi da ƙura daidai gwargwado. IP67 ko IP68 kuwa ƙura ba ta shiga, kuma in ta faɗa ruwa na ɗan lokaci za ta tsira. Wanda ya san ƙurar hunturu ya san wannan ba ado ba ne.

Na ƙarshe haɗarin da ke cikin sayen da kansa, wato jabu, da wayar sata, da wadda aka kulle.

Ƙananan A: A05, A06 da A07

Waɗannan su ne ƙasan jerin. A06 da ta fito a 2024 tana da allon LCD mai inci 6.7, da cip Helio G85 na MediaTek, da batir 5,000mAh. Alkawarin da aka yi mata shi ne afdet na Android sau biyu, na tsaro shekara huɗu. Gaskiya a wannan mataki ban ga abin da ta fi Tecno Spark ko Infinix Hot da shi ba in ka cire afdet. Allon nata ba irin wanda Samsung ya yi suna da shi ba ne, kuma manhajar One UI da Samsung ke ɗorawa a kan Android ta yi wa ram 4 nauyi, sai ka ga waya na jan ƙafa bayan 'yan watanni. A07 da ta biyo baya a 2025 ta gyara wasu abubuwa, an ƙara mata cip Helio G99 da alkawarin afdet na shekara shida. In dole sai a nan kuɗinka ya tsaya, A07 ka nema, kuma ka guji mai memori 64, don hotunan biki da bidiyon zaurukan WhatsApp kaɗai za su cika ta.

Amfaninsu ɗaya da ba a raina shi: gyaran allonsu na da sauƙin kuɗi.

A16 da ƙanwarta A17

A nan Samsung ke fara zama Samsung. A16 ta fito a ƙarshen 2024 da allon Super AMOLED mai inci 6.7, batir 5,000mAh, caji mai wat 25, da kariyar IP54. Mai 5G an fara sayar da ita a Amurka a kan dala 200. Babban abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne alkawarin afdet sau shida na Android da shekara shida na tsaro, wato har zuwa 2030. Waya mai wannan farashi da irin wannan alkawari ba a saba gani ba kafin ita.

Sai dai ka san iyakarta. Cip ɗin cikinta, Helio G99 a mai 4G ko Exynos 1330 a yawancin masu 5G, matsakaici ne. Yana ɗaukar WhatsApp da Facebook da TikTok da harkar banki ba matsala, amma ba na manyan wasanni ba ne. Kuma alkawarin shekara shida bai ce wayar za ta yi sauri shekara shida ba. Mai ram 4 za ta gaji tun kafin alkawarin ya cika, don haka in hali ya yi ka ɗauki mai ram 6 ko 8. An cire mata ramin iyafis na waya, abin da zai ɓata wa masu sauraron rediyo da karatu rai, amma tana karɓar katin memori. Cajinta ma ba mai sauri ba ne in ka kwatanta da Infinix.

Game da 5G kuwa, MTN ya ƙaddamar da shi a Najeriya a 2022, Airtel a 2023, amma har yanzu a wasu unguwannin manyan birane yake. Mazaunin Gumel ko Illela ko Tessaoua ba shi da dalilin ƙara kuɗi dominsa. Gara ya sa kuɗin a ram.

A36 da A56

In za a tambaye ni wace waya ce ta fi dacewa da mutumin da ke son ya saya sau ɗaya ya huta, a nan zan nuna. Dukkansu a watan Maris na 2025 suka fito, A36 a kan dala 400, A56 a kan dala 500 a farashin Amurka. Suna da IP67, batir 5,000mAh, caji mai wat 45, da afdet na shekara shida har 2031. A36 na da cip Snapdragon 6 Gen 3, A56 kuma Exynos 1580 da gefen ƙarfe. Kyamararsu tana da na'urar hana hoto rawa, abin da ake gane amfaninsa in ana ɗaukar bidiyo da dare ko ana tafiya.

Abin da aka rage musu shi ne wurin katin memori. Wanda ya saba tara wa'azi da finafinai a kati ya sani, ko dai ya sayi mai memori 256 tun farko, ko ya nemi yayyensu na 2024, A35 da A55, waɗanda ke karɓar kati kuma suna da IP67. Su nasu alkawarin afdet huɗu ne na Android da shekara biyar na tsaro, cajinsu wat 25. In ka same su sababbi a farashi mai rangwame, ba laifi ko kaɗan.

Haɗarinsu a allo yake. Wurin sa yatsa a cikin allon yake, don haka in ya fashe aka sa maka na kwafi, sau da yawa buɗe waya da yatsa ya tafi ke nan, launi ya dishe, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa. Na asali kuwa kuɗinsa na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin wayar. Ranar da ka saye ta, ranar za ka sa mata gilashi da kwanso mai kauri.

Jerin S tokumbo: S21, S22, S23

Nan ne zuciya ke rinjayar mutum. Mai shago zai ajiye maka A36 a kwali, ya ɗauko S22 tokumbo ya ajiye kusa da ita, ya ce kuɗinsu kusan ɗaya. Ka ɗauke ta ka ji nauyin gilashi da ƙarfe, ka ɗauki hoto ka ga bambanci a fili, ka ja allo ka ga santsi. Ba ƙarya ba ne, a kyamara da sauri da lasifika tsohuwar S ta fi sabuwar A. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba dukkan S ɗin ne halinsu ɗaya ba.

S21 ta fito a Janairun 2021, daga baya aka mayar da alkawarin tsaronta shekara biyar, ka ga wa'adinta farkon 2026 ne. Mai harkar kuɗi a waya ya bar ta.

S22 ta 2022 ita ce na fi gargaɗi a kanta. Cip ɗinta, ko Snapdragon 8 Gen 1 ko Exynos 2200, duka a masana'antar Samsung aka ƙera su, kuma an san su da ɗaukar zafi da shan batir. A shekarar ma an yi ta ce-ce-ku-ce bayan da aka gano wata manhaja a cikinta na rage ƙarfin wayar don kada ta yi zafi. Ƙaramar S22 batirinta 3,700mAh ne kawai tun tana sabuwa. Ka ɗora masa shekaru na aiki a hannun wani, ka kawo shi zafin Kano, kafin la'asar kana neman caja. Wa'adin tsaronta farkon 2027.

S23 ta 2023 labarinta daban. An sa mata Snapdragon 8 Gen 2 a duk ƙasashe, wanda kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera, sai zafi ya ragu batir ya ƙara daɗewa, duk da cewa 3,900mAh ne a ƙaramar. Tsaronta na kaiwa farkon 2028. A cikin tokumbo ita ce wadda zan iya ba ɗan'uwana shawarar ya saya, musamman S23 Plus mai batir babba da allo miƙaƙƙe. S22 Ultra da S23 Ultra gefen allonsu a lanƙwashe yake, ya fi saurin fashewa in ta faɗi ta gefe, ya kuma fi kowanne tsadar canji.

Akwai kuma matsalar koren layi, wani siririn layi da ke fitowa daga saman allo zuwa ƙasa ba tare da waya ta faɗi ba. An ba da rahotonsa a wasu wayoyin S20 da S21 da S22, har a Indiya kamfanin ya yi wa wasu canjin allo kyauta sau ɗaya. Mai tokumbo a nan ba shi da wannan gatan, daga aljihunsa zai biya.

In ka yanke shawarar tokumbo, kada ka yi gaggawa a shagon, ko da mai shago na cewa "Alhaji wallahi kamar sabuwa ce". Ka zauna a benci ka ba ta minti ashirin. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka tabbata ita aka rubuta maka a rasit tare da sunan shago. Ka danna *#0*#, wani shafin gwaji zai buɗe, ka taɓa ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. A nan za ka ga tabo ko inuwar tsofaffin rubutu da suka ƙone a allon. Ka gwada taɓawa a kowane lungu. Ka sa yatsanka ka ga ko tana karɓa, don in ta ƙi, akwai alamar an canja allo. Ka buɗe manhajar Samsung Members ka duba lafiyar batir. Ka sa layinka ka yi kira, ka kunna data. Sannan ka sa a goge wayar gaba ɗaya a gabanka a sake kunna ta. In ta nemi asusun Google ko na Samsung na wani, ko ta nuna saƙon bashi, ka ajiye ta ka tashi. Wayoyin da aka ɗauka bashi a wata ƙasa ko a nan gida ana iya kulle su daga nesa, wani lokacin sai bayan makonni da sayenka.

Ka duba lambar samfurin ma. Wadda ta ƙare da U ta Amurka ce, yawanci layi ɗaya take ɗauka sai eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, wata ma an ɗaure ta da kamfanin sadarwa na can. Mai N ta Koriya ce. Mai B ko E da DS a ƙarshe ita ke ɗaukar layi biyu. Mu da kusan kowa ke yawo da MTN da Airtel ko Glo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma jerin S tun daga S21 ba ya karɓar katin memori.

Batun wayar sata kuwa, duk wanda ke Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabi jama'a. Waya mai araha fiye da kima a hannun wanda ba shi da shago na iya kai mutum ofishin 'yan sanda, ban da alhakin da ke ciki.

Jerin S sabuwa: S24 da S25

Ba sai na daɗe a nan ba, don mai iya sayensu ba shi ne ke cikin ruɗani ba. S24 ta Janairun 2024 ita ce ta fara zuwa da alkawarin afdet na shekara bakwai a wayoyin Samsung, S25 ta 2025 ta bi sahu. Farashinsu na farko a Amurka dala 800, S25 Ultra kuma dala 1,300. IP68, kyamara ta gani ta faɗa, garanti daga kamfani. Ƙananan cikinsu batirinsu 4,000mAh ne, don haka mai yawan tafiya ya duba Plus ko Ultra. Wanda sana'arsa ɗaukar hoto da bidiyo ce, a wurinsa jari ne.

Tecno da Infinix a kuɗi ɗaya

Kamfani ɗaya ne ke da su, Transsion na birnin Shenzhen a China, shi ne kuma mai itel. Wajen rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne, kuma ba a banza ya kai haka ba. Ya yi nazarin kasuwarmu sosai: layi biyu, batir babba, kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, caja a cikin kwali, sau da yawa har da kwanso. A kuɗin A16 za ka iya samun Infinix ko Tecno mai memori 256 da cajin da ya fi sauri. Ga mai samun wuta awa ɗaya ko biyu a rana, saurin caji abu ne babba. Sannan ga cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan garuruwa, kayan gyaransu kuma duk mai gyaran waya a bakin titi yana da su.

Inda suka gaza shi ne afdet. Alkawarinsu bai kai na Samsung ba, ƙananan cikinsu wasu sau ɗaya suke ganin sabon Android, wasu ko sau ɗaya ba sa gani. Suna zuwa da manhajoji barkatai da ba ka nema ba, masu turo talla suna cin data. In ka tashi sayarwa kuma farashinsu ya fi saurin faɗuwa. Ka kuma lura da lambar kwali. In ka ga an rubuta ram 16 da manyan baƙi, ka duba ƙananan, sau da yawa 8 ne na gaske, sauran 8 aro ne daga memori, kuma bai kai na gasken sauri ba. Samsung ma na da irin wannan dabara mai suna RAM Plus. Na gasken kaɗai za ka lissafa.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Farashi | Afdet na tsaro | Batir da caji | Gyaran allo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| A06 | Ƙasa | Shekara 4 | 5,000mAh, wat 25 | Mai sauƙi | Jan ƙafa |
| A16 | Ƙasa zuwa tsakiya | Har 2030 | 5,000mAh, wat 25 | Matsakaici | Mai ram 4 za ta gaji |
| A36, A56 | Tsakiya | Har 2031 | 5,000mAh, wat 45 | Mai tsada | Fashewar allo |
| S22 tokumbo | Tsakiya | Farkon 2027 | 3,700mAh da ya tsufa | Mai tsada sosai | Zafi, kulle, koren layi |
| S23 tokumbo | Sama da tsakiya | Farkon 2028 | 3,900mAh, ba ta shan batir | Mai tsada sosai | Kulle, allon da aka canja |
| S24, S25 | Sama | Shekara 7 | 4,000mAh, wat 25 | Mafi tsada | Ƙwace, fashewa |
| Tecno, Infinix | Ƙasa zuwa tsakiya | Gajere | Babban batir, caji mai sauri | Mai sauƙi | Talla, faɗuwar daraja |

Wa ya kamata ya sayi wacce

Mai POS, da ɗan kasuwar da kuɗin mutane ke ratsa wayarsa, da ma'aikacin da albashinsa ke shigowa ta nan: A16 mai ram 6 ko 8 in kuɗi ya yi kaɗan, A36 in da hali. Sabuwa, da rasit, daga shagon da za ka iya komawa. Tokumbo ba taku ba ce.

Wanda zai saya wa Baba ko Inna waya, don kira da sauraron karatu da ganin jikoki a bidiyo: A16 ta wadatar. Allonta na da haske ga idon da ya fara rauni, ba ta cika turo tallan da zai rikita su ba, kuma shekaru za su wuce ba a sake maganar waya ba. In sun saba da iyafis mai waya, a haɗa musu da mai shiga ramin caji.

Ɗan acaɓa, direban Adaidaita, magini, makaniki, duk wanda wayarsa ke shan faɗuwa da gumi: Tecno ko Infinix. Allo zai fashe ko ba daɗe ko ba jima, gara wanda canjinsa ba zai ci kuɗin sati ba. Haka ɗalibin da ke zaune inda wuta ba ta zama, saurin caji da yawan memori sun fi masa amfani a yau.

Mai sayar da atamfa, leshi, turaren wuta ko abinci ta Instagram da WhatsApp, wadda hoto ne shagonta: A56 in tana son kwanciyar hankali, S23 tokumbo in tana da wanda ya san waya da zai raka ta dubawa. Launin kaya ya fito daidai shi ke hana rigima da masu saye.

Matashi mai son wasanni da bidiyo mai motsi, wanda ya san zai canja waya cikin shekara biyu: S23, kuma ya ware kuɗin canjin batir tun ranar saye. Kada araha ta ja shi zuwa S22.

Duk wanda ya ɗauki Samsung daga cikin waɗannan, ya nemi caja mai wat 25 ko 45 ta asali da igiya mai kai iri ɗaya gaba da baya, don cajar Tecno ko Infinix ba lallai ta ba shi saurin cajin Samsung ba, ta jabu kuma ita ke kashe batir da wuri. Ya shiga saitin batir ya kunna kariyar da ke tsayar da caji a kashi 80 in yana barin waya a jone dare, kuma kada ya bar ta a gaban mota ko ƙarƙashin filo tana caji.